Amsa: biskit mai gargaɗin ɓurɓushin gyaɗa

'Yar'uwa, kin ce gyaɗa na sa wa yaronki borin jini, ga biskit da babu ita a jerin kayan haɗi amma an rubuta ƙila akwai ɓurɓushinta, ko ki ba shi? Kada ki ba shi ko guda.

Na yi aiki a masana'antar biskit. Inji ɗaya ke yin mai gyaɗa da safe, marar gyaɗa da yamma. Ko an wanke, gari kan maƙale a lungu, kuma zafin gashi ba ya kashe abin da ke tayar da ciwon. Wani kwalin ya tsira, wani ya ɗebo. Ko a Ingila da Amurka doka ba ta tilasta rubuta wannan gargaɗin ba, saboda haka wanda babu rubutun ma ki tambayi kamfanin, musamman in numfashin yaron ya taɓa sarƙewa.