Tsakanin "hard" da "difficult"

Ƙanwata, kin tambaya ko "hard" da "difficult" ma'anarsu ɗaya, tunda wani zai ce jarrabawa ta yi "hard", wani ya ce "difficult". A nan kam duk wadda kika ɗauka daidai ce, babu malamin da zai ja miki jan biro. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ba a nan yara ke tuntuɓe ba.

Asalin "hard" tauri ne, irin na dutse ko busasshiyar ƙasa, kuma tsohuwar kalma ce 'yar gida a Ingilishi. Ita "difficult" tushenta Latin ne, sai wajajen shekara ta 1400 ta shigo, shi ya sa har yau ta fi zama daram a wasiƙar ofis, "hard" kuma a hira. Ba a cewa dutse "difficult" ne.

Ni da Hausa nake raba wa ɗalibaina su: wahala da wuya. Huɗa da garma cikin rana "hard work" ne, ƙugu da kafaɗa ne za su gaya miki. Lissafin rabon gado kuwa kina zaune a inuwa, amma kai ya ɗau zafi, wannan "difficult" ya fi kama shi.

Idan aka zo kan mutum, a nan suke raba hanya sosai. "A hard man" mai busasshiyar zuciya ne, ba ya tausayi. "A difficult man" mai wuyar sha'ani ne, wanda ba a iya masa, ko shayi kika kai masa sai ya ce sukari ya yi yawa.

Amma abin da na fi ji miki tsoro shi ne "hardly". Wani yaro a ajina ya rubuta "My father hardly works on the farm", yana nufin mahaifinsa na aiki tuƙuru. Na san dattijon, hannunsa duk kanta, da asuba yake fita gona. Jimlar kuwa cewa ta yi da ƙyar yake taɓa aiki, domin "hardly" da ƙyar take nufi. Da na fassara masa, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya karɓi littafin ya goge, ya rubuta "My father works hard" da hannunsa.