Filin Tambaya: Kakana Baturen Kuza Ne Ɗan Ailan, Ta Ina Zan Fara Nemansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah taimako nake nema. Mahaifiyata an haife ta a Bukuru wajajen 1950, babanta Bature ne cikin masu aikin kuza, ya koma ƙasarsu tana goye, daga nan kuma shiru har yau. Kakata ta rasu, abin da ta bar mana kawai shi ne wai mutumin Ailan ne ba Ingila ba, lebura suna ce masa Dogo Mai Lofe, sunansa na gaskiya kuma wani abu ne kamar Mafi ko Mofi. Hoto ɗaya ne damu duk ya koɗe. Na shiga intanet na rubuta Murphy sai ga mutane dubbai kaina ya ɗaure, wani kuma yace min in haƙura don takardun ƙasar duk sun ƙone. Mama ta tsufa, tace ko kabarinsa ne tana so ta san inda yake. Daga wata 'yar'uwa a Bukuru.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, a gaida Mama da kyau. Wanda yace miki takardu sun ƙone bai yi ƙarya ba, sai dai ya ji ƙira ne bai ji samartaka ba. Gobarar an yi ta, ran 30 ga Yuni 1922 a farkon yaƙin basasarsu, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin ta kama da wuta, ƙidayar jama'a ta 1821 da 1831 da 1841 da 1851 suka tafi in banda ɗan abin da ba a rasa ba, da wasiyyoyi, da littattafan cocin Anglika masu yawa. Amma ke ina ruwanki da 1851? Mutumin da yake Bukuru da ƙarfinsa a 1950 ai an haife shi ne tsakanin 1900 zuwa 1925 ko kusa da haka, kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa da gwamnati ta fara yi wa kowa da kowa a 1864 ba a wannan ginin take ba, tana nan lafiya lau. A shafin irishgenealogy.ie kyauta zaki ga hoton rajistar, haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50.

Matsalarki ba wuta bace, sunan ne. Murphy shi ne sunan dangi mafi yawa a ƙasar baki ɗaya, kamar ki sauka tashar Kano kice kina neman gidan Malam Musa, kowa zai nuna miki wani gida daban kuma duk ba su yi ƙarya ba. A Ailan ba da suna ake neman mutum ba, da wuri ne. Ƙasar a yanke take gunduma 32, a ƙasan gunduma akwai yankin coci, can ƙarƙashi kuma akwai abin da suke kira taunlan, wato 'yar ƙaramar unguwar gonaki wadda wani lokaci gida biyar ne ko goma a cikinta, kuma irinsu sun haura 60,000. Ranar da kika samu sunan taunlan ɗinsa aiki ya zo da sauƙi. Kuma abin da mutane basa ganewa, wannan sunan ba kasafai ake samo shi a Ailan ɗin ba, a inda mutum ya je ya zauna ake tsinto shi. Naki yana tsakanin Jos da Kaduna da Landan.

Don haka rufe kwamfutar tukuna. Ɗauki hoton nan ki juya bayansa, masu hoto na da suna buga hatimi, wani lokaci har da shekara ko rubutun hannu. Ki zauna da Mama ki kunna rikoda a wayarki, kar ki tambaye ta "meye sunansa", wannan ta riga ta amsa sau ɗari, tambaye ta a wane kamfani yake, wane bariki, injiniya ne ko mai biyan albashi, waye kukunsa, waye direbansa, yana zuwa coci ko baya zuwa. In akwai tsohon da ya yi lebura ko 'ya'yan kukun a raye, ki sayi goro ki je yau ba gobe ba, waɗannan su ne takardun da suke ƙonewa kullum ba tare da kowa ya ga hayaƙi ba. Laƙabin Dogo Mai Lofe kar ki raina shi, da shi tsofaffi za su gane wanda kike nufi, wani cikinsu zai iya tuna sunan fari, Mista Jon ne ko Mista Fatirik. Idan ɗan Katolika ne mai zuwa coci, limaman mishan na SMA, wato ƙungiyar mishan ta Afirka, da suka yi aiki a Jos da yawansu 'yan Ailan ne, hedikwatarsu ta Ailan a birnin Cork take, ba mamaki sunansa ya shiga wani littafin coci ko a matsayin shaida ne. Sannan ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin zamanin Turawa na lardin Filato.

Da kin samu sunan fari, sai maganar jirgin ruwa. A wancan zamanin yawancin Turawan da ke zuwa Najeriya daga Liverpool suke hawo jiragen Elder Dempster zuwa Legas, kuma jerin sunayen fasinjojin da suka fita daga Birtaniya daga 1890 zuwa 1960 yana ajiye a ma'ajiyar Kew da ke Landan, ana iya bincika shi a shafuka irin su Findmypast da Ancestry amma da kuɗi. A ciki akwai shekarun mutum da sana'arsa da adireshinsa na ƙarshe. Murphy dubu ne a Cork, amma Murphy mai aikin ma'adinai da yake jigila tsakanin Liverpool da Legas a 1948 ko 1951 ba zai wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma da yake suna komawa hutu zaki gan shi ya fita ya dawo sau biyu sau uku. Ki lura dai, "ɗan Ailan" zai iya zama ɗan Belfast da ke Ailan ta Arewa, ɓangaren da ke ƙarƙashin Birtaniya, in haka ne wasu takardunsa a can arewa suke ba Dublin ba, zai kuma iya zama haifaffen Liverpool wanda iyayensa ne suka ƙauro.

Abu na ƙarshe, gwajin DNA. Mama za a yi wa, ba ke ba, don ita rabin halittarta daga wurinsa take, ke kuwa kusan kashi 25 cikin 100 ne. Yawu kawai ake tofawa a 'yar kwalba, in kuna da ɗan'uwa a Ingila ya taho muku da kayan gwajin ya koma da shi. Idan jikokin 'yan'uwansa sun taɓa yin gwajin za su fito, daga bishiyar danginsu sai ki ga sunan ƙauyen. Amma dan Allah in kin same su kar ki faɗa musu da "ga 'yar kakanku a Najeriya" a saƙon farko, wataƙila mutumin ya mutu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kice gwaji ya nuna kuna da alaƙa, ko akwai nasu da ya taɓa aiki a Jos? Ki bar su su zo da kansu. Wasu za su amsa da murna, wasu za su yi gum, ki shirya wa Mama zuciyarta kan duka biyun.

Tambaya: Anti ni a Manchester nake aure, mijina Bature ne da ya musulunta, asalinsu Ailan. 'Yarmu aka ba aikin makaranta kan tarihin dangi shine na shiga ciki har na fi ta zaƙewa. Mun kai kan kakan kakansa, ƙidayar Ingila ta 1871 tace an haife shi a "Ireland" shikenan ba gari ba komai. Sannan wata da muke zaton ƙanwarsa ce da ta zauna a can gundumar Mayo ta Ailan, a 1901 shekararta 55, a 1911 kuma 73. Anya ita ce kuwa?

Amsa: Hajiya wallahi sai da na yi dariya, ita ce mana, ko kuma dai wannan ba hujjar cewa ba ita bace. A 1908 Birtaniya ta yi dokar fanshon tsofaffi, aka fara biya a Janairun 1909 ga wanda ya kai 70, lokacin Ailan duk tana ƙarƙashinta. To duk wanda aka haifa kafin 1864 bashi da takardar haihuwa, sai tsofaffi suka dinga tsufa da gudu, a shekara goma mutum ya ƙara sha biyar ko ashirin. Mu da muka san zuwa kotu yin takardar rantsuwar shekaru ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, bambancin kawai mu ragewa muke su ƙarawa suka yi. Wasu kuma tsakani da Allah basu san shekarunsu ba tun farko. Abin daɗin shi ne gwamnati ta dinga duba ƙidayar 1841 da 1851 don tantance masu nema, tun kafin gobara, kuma fom ɗin binciken da yawa sun tsira, a ciki akwai sunan uba da na uwa da taunlan. Ki nemi sunanta a nan, shafin ma'ajiyar tarihi ta Ailan yana da su kyauta, tare da ƙidayar 1901 da 1911 inda zaki ga fom ɗin gidan da sa hannun maigida, ko alamar X in bai iya rubutu ba.

Shi kuma kakan, kar ki tsaya a 1871, duba shi a kowace ƙidaya har ya mutu, wani malamin ƙidayar yakan rubuta gunduma ko ba a tambaye shi ba. Takardar aurensa zata baki sunan babansa da sana'arsa. Ki kalli maƙwabta ma, waɗanda yunwar 1845 zuwa 1852 ta koro, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ba ɗaiɗai suke sauka ba, 'yan ƙauye ɗaya layi ɗaya suke tarewa kamar yadda namu suke yi a zango.

In Mayo ɗin ta tabbata sai littattafan baftisma na Katolika, su ba su ƙone ba don a hannun limamai suke, Laburaren Ƙasa na Ailan ya sa hotunansu a intanet kyauta a 2015, sun kai wajen 1880. Sai dai ki yi haƙuri da abu biyu, a yammacin ƙasar wasu cocin basu fara rubutawa da wuri ba, sannan da yawa da Latin aka rubuta, James zaki gan shi Jacobus, William kuma Gulielmus. Bridget ana ce mata Delia, Margaret kuma Peggy, kamar dai Binta da Fatima. O da Mac na gaban suna yau a sa gobe a cire, Brien da O'Brien gida ɗaya ne. Suna da al'ada irin tamu ta mayar da suna, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ba doka bace amma takan nuna hanya. Daga nan ki duba Griffith's Valuation, kiyasin harajin gidaje da gonaki da aka buga tsakanin 1847 da 1864, yana nuna wanda ke riƙe da kowace gona a kowane taunlan har da taswira. Talakan Katolika dai yawanci farkon shekarun 1800 ne iyakar inda takarda ke kaiwa, in kin isa nan kin yi ƙoƙari, kar wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai haɗa ku da sarakunan da.

Tambaya: Malama in mutum ya gano kakansa ɗan Ailan ne ana bashi fasfo? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Na san za a zo nan! Eh, wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin Ailan, kudu ko arewa, yana iya neman a sa shi a rajistar waɗanda aka haifa a waje, Foreign Births Register, ta Ma'aikatar Harkokin Wajensu, bayan an sa shi sai ya nemi fasfo. Amma takardu suke so a jere, ta haihuwar kakan, ta mahaifi ko mahaifiya mai ɗauke da sunan kakan a matsayin uba, sannan taka. Labarin tsohuwa da hoto ba za su wadatar ba, kuma a irin labarin 'yar'uwarmu ta Bukuru takardar tsakiyar nan ce ke da wuyar samu. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, can zaka tambaya, kar ka ba ɗan kamasho ko sisi.