Fiyanon katako a Ringim: wa zai taya?

Wani ɗan kasuwa daga Ringim ya aiko da tambaya: "Malam, ina sayar da kayan gida na hannu, kujeru da firji da talabijin. Wanda nake sarin kaya a wurinsa a Kano ya nuna min wani ƙaton fiyano na katako mai ƙafa uku, murfinsa na buɗewa kamar fiffike, a kwantena ya zo. Ya ce sabonsa ya fi mota tsada, amma zai sallama min a miliyan biyu da rabi. Jarina duka bai kai miliyan biyar ba. In saya in ajiye?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maigidanka bai yi ƙarya ba a batun sabo. Idan ƙirar Steinway ce, kamfanin da aka kafa a Amurka a 1853, sabonsa ya fi motoci da yawa kuɗi. Yamaha da Kawai na Japan ma suna da daraja, kuma na hannunsu ya fi saurin samun mai saye. Amma kuɗin sabo ba shi ne kuɗin naka ba. A Turai da Amurka, tsohon fiyano marar suna sau da yawa kyauta ake bayar da shi, don kuɗin ɗaukarsa ya fi kuɗinsa. Shi ya sa nake zargin duk wanda ya zo cikon kwantena.

Ga abin da ke cikinsa. Maɓallai 88 ne, kowanne yana ɗaga 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya. Tsirkiyoyin sun haura 200, jansu gaba ɗaya ya kusa tan 20, ƙarfen zubi ne ke riƙe da su. Ƙarƙashinsu akwai siririn allon katako, shi ke fitar da amo, kamar ƙoƙon garaya. Wannan allon shi ne ran kayan, kuma danshi matsakaici yake so, wajen kashi 45 cikin 100. Ka san hunturun Jigawa, wanda ƙofar katako ma sai ta buɗe baki, damina ta zo ta kumbura ta ƙi rufuwa. Haka allon zai yi har ya tsage, ƙusoshin da ke ɗaure tsirkiya su saki, sautin ya gudu. Ban ma kawo gara da ɓera ba, waɗanda katakon da ulun nan gara ce ta aure a wurinsu. Saitin tsirkiyoyin kuwa sau ɗaya ko biyu ake yi a shekara, kuma ba aikin kafinta ko mai gyaran rediyo ba ne. Wanda zai zo maka daga Abuja ko Legas, kai za ka biya masa mota da masauki.

To a ce lafiyarsa ƙalau. Wa zai taya? Kar sunan ya ruɗe ka. Fiyanon da yaranmu na situdiyo ke kiɗa da shi na lantarki ne, ana saɓa shi a kafaɗa a hau babur, yana yin ganga da algaita da kalangu duk shi kaɗai. Ko kyauta ka ba su wannan, ba su da ɗakin sa shi. Masu sayensa manyan coci-coci ne, da otal-otal, da makarantun kuɗi, da ɗaiɗaikun attajirai, yawancinsu a Legas da Abuja da Jos. Su kuma da gwaninsu suke zuwa, ya buɗe, ya duba lambar da ke jikin ƙarfen ya gane shekarunsa. Ranar nan za ka ji farashin gaskiya.

Sai dako. Ƙaraminsa ya kai kilo 250, babban na dandali ya kusa 500. Dole a kwance ƙafafu, a kwantar da shi a gefe, a naɗe da barguna. Ka kai shi Ringim, ka sake biya a mayar da shi inda ya fito.

Lissafa da kanka: miliyan biyu da rabi firji nawa ne? Sau nawa za ka juya su kafin azumi, da lokacin da manoma suka sayar da riɗi da shinkafa ana haɗa kayan ɗakin amare? Fiye da rabin jari ne zai kwanta a lungun shago yana cin wurin kujeru saiti biyu.

Ni dai ban ba ka shawarar saye ba. In ranka ya biya, yi dillanci. Kayan su zauna a Kano a hannun mai su. Ka ɗauki hoton sunan da lambar da cikinsa, ka yi bidiyo ana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ka tura wa masu sayar da kayan kiɗa a Sabon Gari da Abuja. Ku yanke la'adarka tun yanzu a gaban shaidu. Wani abu kuma, ka duba fararen maɓallan: in na hauren giwa ne, kamar yadda ake yi wa tsofaffin ƙira, an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kar wani ya ce maka za a fitar da shi waje a samu riba.

In wata uku ya wuce ba wanda ya ba da kafin alƙalami, tayin da ya rage na 'yan gwangwan ne a Ƙofar Ruwa, su kuma ƙarfen kawai za su ɗora a sikeli.