Man giyar Camry ɗina ya koma ruwan ƙasa, in canza ko in ƙyale shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da Toyota Camry 2004 otomatik mai silinda huɗu, wadda ake ce wa Big Daddy, a hannu na saye ta kusan shekara biyu kenan kuma ban taɓa canza mata man giya ba, shi ma wanda ya sayar min ban san ko ya taɓa canzawa ba. Shekaranjiya na zaro geji naga man ya koma ruwan ƙasa mai duhu alhali an ce min ja ya kamata ya zama. Motar tana tafiya lafiya, sai dai da safe in na sa D tana ɗan jinkiri kafin ta kama, wani lokacin harda ɗan bugu. Bakanike na yace kar in kuskura in taɓa man wai da an canza giyar zata mutu, wani kuma yace in kawo ayi filoshin da inji a wanke komai. Na rasa wa zan bi. Daga ɗan uwanku a Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam malam, Allah ya bar zumunci. A yadda ka kwatanta motar nan ni dai shawarata ka canza man, amma ba da injin filoshin ba, kuma ba a rana ɗaya ba. Kafin nan akwai binciken da zaka yi da hannunka da hancinka, don kala ita kaɗai bata isa a yanke wa giya hukunci ba.

Jan da kake gani a sabon man giya rini ne kamfani ya zuba don a bambanta shi da baƙin mai in yana yoyo a ƙasa. Zafi da daɗewa suna cinye rinin, man ya tashi daga ja zuwa ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa, kuma motar da ta haura shekara 20 wadda ba wanda ya san tarihin sabis ɗinta ai ba abin mamaki bane a samu haka. Ruwan ƙasa tsufa ne, tsufa kuma daban ƙonewa daban.

Ga yadda zaka duba. Ka fita da motar kayi tafiyar kamar minti 15 zuwa 20 man yayi zafi, don alamar HOT da ke jikin gejin an yi ta ne a kan man da ya kai digiri 70 zuwa 80, sai ka faka a wuri mai lebur, ka ja hanbirki, ka bar inji yana aiki, ƙafarka a kan birki ka bi da giyar P, R, N, D, 2, L a hankali ka dawo da ita P. Zaro gejin ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Masu Honda Accord irin su EOD ku lura, taku a kashe ake dubawa, ana kashe inji cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kar ku bi tsarin Toyota. In man ya gaza layi to wannan kaɗai ya isa ya kawo jinkirin safe da kake faɗa, in kuma ya wuce layi sosai zaka ganshi da kumfa, shima matsala ne don famfon giya iska zai riƙa turawa.

Sai ka ɗiga man a farin tishu ka ɗaga wajen haske. In ya bazu, kana ganin haske ta cikinsa, gefen ɗigon da sauran ja ja, lafiya lau tsufa ne kawai. In ya tsaya wuri ɗaya baƙi ƙirin da ɗigo ɗigon baƙi a tsakiya to magana ta canza. Murza shi tsakanin yatsa biyu kaji ko akwai tsaki tsaki. Sannan ka shinshina, kuma wallahi a wajena hanci yafi ido faɗin gaskiya a wannan aikin, tsohon mai warin mai kawai yake yi, amma wanda ya ƙone ƙauri yake mai hawa kai, ko baka taɓa ji ba kana ji zaka gane. Wannan ƙaurin na faiba ne, wato faifayen kulocin da ke cikin giyabos waɗanda suke matsewa su saki duk sanda mota ta canza giya, in suna zamewa sai su yi zafi su ƙone su zuba a cikin man.

Akwai kala ɗaya da bana wasa da ita. In kaga man ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an zuba madara a zoɓo, ka kashe motar a nan inda take, ruwa ne ya shiga. A Camry ɗinka man giya yana bi ta wani bututu da ke cikin tankin ƙasan lagireto don ya huce, in ka leƙa zaka ga ƙananan hos guda biyu sun taso daga giya sun shiga wajen, to in bututun nan yayi tsatsa ya huje sai ruwan lagireto da man giya su haɗu, kuma mu da muke zuba ruwan rijiya ko fiya wata a lagireto maimakon kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, mu muke jawo tsatsar da kanmu. Wani lokacin kuma ta damina ne, mutum ya afka cikin ruwan da ya shanye taya ruwa ya shiga ta ramin numfashin giya. Faiba takarda ce ta musamman da aka manna a jikin ƙarfe, ruwa yana ɓanɓare ta. In kana shakka ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi, in akwai ruwa zaka ji yana tartsatsi, sannan da safe kafin a tada inji ka buɗe murfin lagireto ka duba ko mai yana yawo a saman ruwan. Wannan sai an canza lagireto tukuna, canza mai kawai asarar kuɗi ne.

Toh maganar bakanikenka ta cewa kar a taɓa. Ba daga sama ya ƙirƙiro ta ba, ya ga abin ya faru ne amma ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Mutanenmu basa tuna man giya sai ranar da mota ta fara ihu bata gudu, ka taka totur allurar inji ta tashi mota bata ja ba, a lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a cikin tsohon man shi ke ɗan sa ta kamawa, kaurin man kuma yana toshe inda robobin ciki suka saki, ana zuba sabon mai mai tsafta sai zamewar ta fito fili, sai a ce ai sabon mai ne ya kashe giya alhali giyar ta jima da mutuwa jana'iza ce kawai ba a yi ba. Giyar da take shiga kowace lamba a kan lokaci, ribas yana kamawa, man baya ƙauri, sabon mai na daidai ba abinda zai mata sai alheri.

Shi kuma mai filoshin, bana so a giyar da ta daɗe ba a taɓa ba. Dattin shekaru ya kwanta a lungu lungu, in aka tura mai da ƙarfi musamman in an haɗa da sinadarin wanki sai ya taso ya tafi balb bodi, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giya, inda hanyoyin mai suke sirara sirara, ya maƙale a solonoyid, wato makunnin lantarki da ke buɗe hanyar mai yana rufewa, motar da ta shigo gareji da ƙafarta ta fita tana fizga. Kuma yawancin abinda ake kira filoshin a garejojin bakin titi ma ba inji bane, cire hos ake yi a tada mota famfo ya tofar da man har ya fara jan iska, wasu har da fetur ko kananzir. Kar ka yarda.

Abinda za ayi shine juyewa da cikawa. Giyar nan gaba ɗaya tana cin wajen lita 8, amma in aka kwance notin ƙasa abinda zai fito bai wuce lita 3 da rabi zuwa 4 ba, sauran yana cikin kwanbata, wato dunƙulen da ke haɗa inji da giya, da hanyoyin ciki baya fitowa. Wannan ma gata ne a tsohuwar giya don sabon mai yana shiga ne kaɗan kaɗan. A karon farko ka sa a sauke kaskon ƙasan giyar gaba ɗaya, wanda muke ce wa botom filet, kuma ka tsaya a wajen ka gani da idonka kar ka tafi shan shayi. A cikin kaskon akwai ƙananan maganaɗisu, zaka gansu da laushin gari toka toka ya manne musu, in ka shafa da yatsa yana da santsi, wannan normal ne kowace giya tana yi. Abinda ba a so shine ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da zaka iya tsinta da farce, ko ruwan zinare na tagulla, ko baƙaƙen ɓawo ɓawo na faiba a kwance a gindin kaskon. In kaga waɗannan ka ɗauki hoto, giyar tana hanyar neman babban gyara ko an canza mai ko ba a canza ba.

In kasko ya fito da tsafta sai a wanke shi a goge da ƙyallen da baya barin zare, a mayar da maganaɗisu inda suke, a sa sabuwar filta da robarta, a sa sabon gasket. Anan ka sa ido kan yaron gareji da gam, suna son lafta shi, rarar da ta matso ta ciki ita ke gutsurewa ta toshe filta. Notinan kaskon ƙanana ne, hannu ake ɗaure su a zagaye a hankali, in aka danne sai bakin kaskon ya lanƙwashe yoyo ya fara. Man da ya fito a auna shi a galan mai lamba, a zuba sabo daidai wannan adadin ta bututun geji da mazurari mai tsafta, a tada mota a bi lambobi, tayi zafi, a duba geji a gyara.

Kayi tafiyarka ta yau da kullum kamar kilomita 500 zuwa 1000 kana sauraronta, sai ka koma a kwance notin ƙasa kawai a juye a cika, ba sai an sake sauke kasko ba, sannan ka ƙara na uku. A lissafi bayan zagaye uku kusan kashi 80 cikin 100 na man da ke ciki sabo ne. Kar hankalinka ya tashi in bayan na farko kaga geji har yanzu da duhu, ai fiye da rabin tsohon yana ciki ya gauraya.

Wane mai? Anan ne ake kashe giya da gaske. Camry 2002 zuwa 2006 Toyota Type T-IV take sha, a jikin gejinka ma an rubuta, ka goge ka karanta. In baka samu na Toyota ba ka nemi wanda aka rubuta JWS 3309 a bayan robar, shine ma'aunin T-IV ɗin. Camry 2007 da ake ce wa Muscle ita WS take sha, ya fi T-IV tsinkewa kuma Toyota bata yarda a musanya su ba, Honda tana da nata, Z1 a da, yanzu DW-1, motoci masu CVT, wato giyar otomatik da bata hawa lamba lamba, kuwa nasu daban ne kwata kwata. Kar kaje shago kace a baka man giya kawai, sai a miƙo maka mai lamba 90 na manuwal da aksul, ko kowane jan mai a ce ai duk ATF ne, wato man giya otomatik. Ka sayi mai a rufe da hatiminsa a wajen dilan da ka yarda dashi don jabu yayi yawa a kasuwa, ka kai da kanka a buɗe a gabanka, na awo a kwalba kuwa ko kyauta ne ka barshi. Su kuma ƙananan kwalaben da ake cewa suna hana giya zamewa, kumbura robobi suke yi na ɗan lokaci, faibar da ta cinye bata dawowa.

Jinkirin safe, in daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ne a sanyin hunturu na Zariya ba abin damuwa bane. In yana kai uku huɗu kullum, to ko mai yayi ƙasa, ko filta ta toshe, ko robobin ciki sun bushe, biyun farko wannan aikin zai gyara, na ukun zai iya raguwa amma ban maka alkawari ba. Bugun kuma kafin a zargi giya a duba injin sit, wato robobin da ke riƙe inji a jikin mota, a Big Daddy suna yawan yagewa musamman ɗan ƙaramin na sama a gefen fasinja, mutum ɗaya ya taka birki ya sa D ya sa R, ɗaya ya tsaya a gefe yana kallon yadda injin ke tsalle. A duba silo ma, in inji yana gudu sama sama a tsaye dole ta buga in an sa giya. In fitilar cek injin tana kunne a sa mata kwamfuta kafin a kwance komai, lamba irin P0741 tana nuna kulocin cikin kwanbata ne ko solonoyid ɗinsa.

Sannan ka nemi dalilin da yasa man ya dahu. Toyota ta rubuta cewa a tuƙi na ƙa'ida man nan baya buƙatar canji, to amma zafin watan Afrilu da gosulo da lodin buhuna da ƙura ba shine tuƙin da suke nufi ba, ni a wajena duk kilomita 40,000 zuwa 50,000 a juye a cika sau ɗaya. Tunda lagireto ke sanyaya man giya, duk motar da take obahitin giyarta ma tana dahuwa, don haka a tabbatar fankoki biyun suna tashi, a wanke ƙurar da ta toshe gaban lagireto, a duba hos ɗin giyar nan biyu ko sun fara jiƙewa.

In kuma ka shinshina kaji ƙauri, man baƙi ne, kuma ka lura tana zamewa tsakanin ta biyu da ta uku ko ribas sai an taka totur, to kar ka kashe kuɗi a zagaye uku. Ka cika man zuwa layi da T-IV, ka rage lodi da doguwar tafiya, ka fara tanadin ko dai a buɗe a sa sabuwar faiba da robobi wajen wanda aikinsa kenan giya otomatik, ko a ɗora tokumbo da sharaɗin gwaji na kwanaki a rubuce. Kowanne ka zaɓa a wanke bututun cikin lagireto da hos ɗinsa ko a canza lagireton, don garin tsohuwar giya yana maƙale a ciki kuma ana tada mota zai wuce cikin sabuwar.