Ku Tambaya Mu Amsa: Priz ɗin da ake kunnawa da waya, zai jure tsakar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona da ke Kano ya ce zai aiko mani da irin priz ɗin nan da ake kunnawa a kashe daga waya, in sa wa fitilar ƙofar gida da ta tsakar gida, don kullum sai yara sun bar su a kunne har hantsi. Shin abin nan zai jure zaman waje? Kuma in an ɗauke kuran yaya yake yi? Daga wani magidanci a Garin Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi yi wa yaro albarka. Toh aikin fitila dai shi ne abin da priz ɗin nan ya fi iyawa, ana ce masa smart plug, za ka soka shi a priz ɗin bango sannan ka soka wayar fitilar a jikinsa, a cikinsa akwai ɗan makunni da ke karɓar umurni ta wifi, sai ka sa masa lokaci a manhajar waya irin su Smart Life ko Tapo ko eWeLink, ya danganta da kamfanin da ya yi shi. Mafi yawansu ma in ka nuna masu garin da kake suna bin faɗuwar rana da fitowarta da kansu, kaga fitila za ta kama da magariba ta mutu bayan asuba, rani da damina ba sai ka taɓa ba.

Amma kafin yaron ya biya kuɗi ka kira shi ku yi magana, don akwai abubuwan da in ba a duba ba asara ce kawai. Kayan da ake saidawa a Kano galibi masu ƙafa uku ne masu faɗi irin na Ingila, mu kuma gidajenmu a nan Damagaram ramuka ne zagayayyu irin na Faransa, in ya aiko da na can sai ka nemi adafta, shi kuwa adafta a waje matsala ne, yana kwance-kwance yana tartsatsi ƙura na shiga ta tsakani. Ya nemi mai ƙafa zagayayya. Kuma ya karanta jikin kwalin ya ga an rubuta 220 ko 230 volt, don akwai na Amurka da ke shigowa cikin kayan gwanjo masu 120 volt, wannan kana sokawa zai ƙone.

Sai maganar jure waje, a nan nake so ka saurare ni da kyau. Za ka ga an rubuta IP da lamba biyu a jiki, lambar farko ta ƙura ce da tarkace, ta biyu ta ruwa. Yawancin waɗanda ake kira na waje IP44 ne, ma'ana yana jure feshin ruwa kuma abin da ya wuce milimita 1 ba ya shiga, toh ai Turawan da suka tsara shi ruwan sama ne damuwarsu, mu kuwa ruwan namu wata uku zuwa huɗu ne ya wuce, sauran shekara ƙura ce da rana. Ƙurar hunturu ta fi milimita 1 ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tana shiga ta kwanta a ciki, ranar da damina ta sauka laima ta same ta shi kenan an samu hanyar da wuta za ta bi. Don haka in da hali a nemi IP65, lamba 6 ɗin nan na nufin ƙura ba ta shiga sam. In ba a samu ba a sayi akwatin roba mai murfi wajen masu kayan kuran a kasuwar Dole ta nan Zinder, a sa priz ɗin ciki, bakinsa na kallon ƙasa, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya da inda hannun yara ke kaiwa. Kuma don Allah kar a kafa shi a bangon da rana ke duka, a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa zafi na wuce digiri 40, bangon siminti da rana ta gasa kuwa ya fi haka sosai, roba na bushewa ta tsage, kayan ciki su gaji da wuri. A zaure ko ƙarƙashin rumfa ya fi.

Batun ɗauke kuran, shi dai priz ba ya da batir, kuran ya tafi shi ma ya tafi. Abin dubawa shi ne in wuta ta dawo me zai yi. A manhajar akwai wurin da ake zaɓa masa, ya tashi a kashe, ko a kunne, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke, ga fitila zaɓi na ukun ya fi. Sannan da yawansu daga intanet suke sanin ƙarfe nawa, in wuta ta dawo wifi bai dawo ba sai lokacin da ka sa masa ya rikice. In gaskiya fitilar ƙofa kaɗai ce damuwarka Alhaji, akwai ɗan abin nan mai jin haske da ake ɗaura wa fitila, duhu ya yi ta kama gari ya waye ta mutu, ba ruwansa da intanet kuma ya fi araha, ni shi zan fara ba ka shawara.

Tambaya: Malam barka da aiki. Mu a unguwarmu sai tsakar dare ruwan pampo ke zuwa, ina da ɗan inji mai ja ya kai tanki a sama, na gaji da tashin dare. Zan iya sa masa wannan priz ɗin ya dinga kunna kansa ƙarfe uku? Daga wata uwargida a Sabon Gari.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, duk wanda ya zauna Zinder ya san wahalar ruwa da tashin daren nan, amma ki yi haƙuri ba zan ce maki eh kai tsaye ba. Priz agogo kawai ya sani, bai san ruwa ya zo ko bai zo ba, in ƙarfe uku ta yi ya kunna inji alhali bututu babu ko ɗigo, injin zai yi ta juyawa a bushe ya yi zafi har ya lalace kina barci, kuma in ruwan ya zo tanki ya cika nan ma bai sani ba sai dai ki tashi ki tarar da tsakar gida ta zama tafki. Abin da ke maganin wannan biyu ne, a sa wa injin na'urar da ke tsaida shi in babu ruwa, a sa wa tanki makunnin nan mai yawo a kan ruwa da ke yanke wuta in ya cika, masu aikin pampo sun san su, in an sa su ma sau da yawa ba ki buƙatar priz ɗin.

Sai kuma nauyi. A jikin priz ana rubuta 10A ko 16A, wato yawan wutar da yake iya ɗauka, na farko wajen wat 2200 kenan na biyu wajen 3500, sai mutum ya ga injinsa mai ƙarfin doki ɗaya wat 750 ne ya ce ai da saura da yawa. Ba haka lissafin yake ba ga inji, lokacin tashi yana jan wuta ninki-ninki na abin da aka rubuta, kuma in kuran ya yi rauni ya fi ja, ɗan makunnin da ke cikin priz ɗin ƙarami ne, yau da gobe sai bakinsa ya narke ya manne, ki kashe a waya ya nuna maki ya mutu alhali inji na ta aiki. In lallai kina son iko da shi daga waya ki sa mai gyaran kuran ya haɗa maki kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, priz ya dinga ba shi umurni, kwantaktan kuma ya ɗauki nauyin injin, kuma ya tabbatar da wayar ƙasa da abin da ke yanke wuta in ta fara zuba, don wurin da ruwa da kuran suka haɗu kuma yara na yawo ba takalmi ba wurin tsumulmular kuɗi ba ne.

Tambaya: Ba mu da wifi a gida sai intanet na waya, zai yi? Kuma yana cin kuran da yawa? Daga wani ɗalibi a unguwar Birni.

Amsa: Ƙanena cin kuran ɗinsa kaɗan ne, wajen wat 1 zuwa 2, intanet ma kaɗan yake sha. Amma dole a samu wifi da ke zaune a gidan, in daga wayarka kake raba masa kana fita ya yanke. Ɗan akwatin wifi mai ɗaukar sim ya isa, sai dai ka duba yana bada irin wifin da ake ce wa 2.4 GHz don kusan duk priz ɗin nan shi suke kamawa ban da 5 GHz, kuma katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen Birni tana cinye rezo, kafin ka saya ka tsaya daidai inda za ka kafa shi da wayarka ka ga ko wifi na kaiwa nan. In bai kai ba akwai masu ɗaukar sim a cikinsu da ake ba umurni da saƙon SMS, su ba ruwansu da wifi, sai dai ka dinga lura kar layin ya mutu don rashin sa masa kuɗi.