Kafin Ka Ɗaura wa Kwale-kwale Zanen Iska

Yarona, bayan gaisuwa, na ga tambayarka. Ka ce ka kalli bidiyon wasu ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa ba tare da inji ba, kana so ka kafa wa tsohon kwale-kwalen nan da ke kife a bayan shago dirka da zane, amma abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda mutum zai dawo inda ya taso idan iska tana kaɗawa ta fuska ɗaya. Tambayar ta yi kyau, sai dai idonka yana kan zane, alhali amsar tana ƙarƙashin ruwa, inda mai kallo ba ya gani.

Kwale-kwalen da muke haɗa wa masunta na dam ɗin Shika da kogin Galma shimfiɗaɗɗen ƙasa gare shi, domin an yi shi ne a tura da gora ko a tuƙa da filafili. Idan ka ɗaura masa zane a haka, iska ta bugo daga gefe, zai riƙa zamewa ne a kaikaice har ya dangana da gaɓar da iskar ta nufa. Abin da ke hana wannan shi ne allo siriri da ake saukarwa cikin ruwa, a miƙe da tsawon jirgi. Allon yana ratsa ruwa cikin sauƙi idan jirgi ya nufi gaba, amma yana turjewa idan aka tura shi gefe. Iska tana matsa zane daga sama, ruwa yana matsa allo daga ƙasa, sai jirgin ya sulale gaba a tsakaninsu, kamar ƙwallon mangwaro mai santsi da ka matse da yatsu. Da wannan ne jirgi yake iya kusantar fuskar iska har wajen digiri 45, wato rabin kusurwar sukwayar da kake auna katako da ita. Bai iya fuskantar iska kai tsaye, don haka mai komawa inda iska ke fitowa yakan yi tafiya a karkace, ya nufi dama, ya juya ya nufi hagu, har ya isa. Namu da za a yi wa zanen tampol ba zai kai wannan kusancin ba, kada ka sa rai.

Jiragen da ka gani ana yi musu tsaga a tsakiya, allon ya sauka ta ciki. Ban yarda ka yi wa tsohon katako wannan tsaga ba, domin ƙofar yoyo ce za ka buɗe da hannunka. Ka ɗaure allon a gefen jirgi da noti guda mai kauri, yadda zai iya ɗagawa idan ya ci karo da kututture; haka masu jiragen dakon kaya na Holand suka daɗe suna yi saboda ruwansu ba zurfi. Ɓangaren da zai nutse ya kai santimita 60 a tsawo da 25 a faɗi, a goge bakinsa na gaba ya yi kumburi mai sulɓi, na baya kuma ya sirance. Wurin zamansa daidai tsakiyar zane ne. Idan ka gwada ka ga jirgin yana yawan juya kansa cikin iska har hannunka yana gajiya a kan sandar tuƙi (sandar da ake riƙewa a bayan jirgi don juya kansa), ka ja allon baya kaɗan. Idan kuwa gudun iskar yake yi, yana karkata kansa waje, ka matso da allon gaba, kuma wannan ne aibin da ya fi muni. Jirgin da ke ɗan son juyawa cikin iska shi ne mai aminci, domin da zarar ka saki komai zai tsaya da kansa.

Batun girman zane kuma, nan ne samari suke zarmewa. Akwai ƙaramin jirgin koyo da ake kira Optimist, wanda Clark Mills ya zana a jihar Florida ta Amurka a shekarar 1947, yara suna koyon tuƙi da shi a ƙasashe da yawa har yau. Tsawonsa kusan mita 2.3 ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 1, zanensa kuwa murabba'in mita 3.3 kacal. Namu ya fi shi tsawo amma bai kai shi faɗi ba, kuma faɗi ne ke hana kifewa. Saboda haka kada zanenka ya wuce murabba'in mita 3, kuma ya zama gajere mai faɗi maimakon dogo. Ka riƙe wannan lissafi a ranka: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take bugun zane da shi yana ninkawa sau huɗu.

Dirka ta gora busasshiya mai kauri, wadda ba ta wuce mita 3 ba, ta isa. Za ta ratsa ta rami a cikin katakon da ka gitta a kan bakin jirgi, gindinta ya zauna a gurbin da ka sassaƙa a wani guntun maɗaci da aka ɗaure a ƙasa. Wannan katakon gittawa shi ke ɗaukar dukan nauyin iska, don haka da noti za ka kama shi, ba da ƙusa ba. Zanen kuma ka kai wa masu ɗinkin tampol a Sabon Gari, ka zaɓi mara nauyi, ka gaya musu gefen da zai bi dirka kada su yanke shi a miƙe, su bar masa ɗan doro na kamar santimita 5 a tsakiya. Idan aka ɗaure wannan doron a jikin miƙaƙƙiyar dirka sai zanen ya yi ciki, kuma cikin nan ne ke ba shi jan gaba. Kusurwoyi a ninka musu faci uku, domin daga nan yagewa ke farawa.

Igiyoyi uku ne aikinka: ta ɗaga zane, ta ja shi ƙasa don gefen gaba ya miƙe, da ta hannu wadda ke ɗaure a sandar da ke bin ƙasan zane. Biyun farko ana ƙulle su. Ta hannu ba a ƙulle ta a ko'ina, ba a kuma naɗe ta a wuyan hannu, domin sakinta shi ne birkinka duk lokacin da iska ta taso jirgi ya karkata.

Amma duk wannan sai jikin jirgin ya amsa. Ya daɗe a kife, hunturu ya busar da falankansa sun ja, tsaga ta buɗe a tsakaninsu. Ka bi shi da bakin sukundireba kana dannawa, musamman a gindin haƙarƙari da wurin ƙusoshi. Inda ya shige da sauƙi ruɓa ce, a cire a sa sabo. Sannan ka jiƙa shi a ruwa kwanaki kaɗan katako ya kumbura kafin ka yanke hukunci a kan yoyo. Abin da ya rage a cusa masa auduga, a bi da kwalta. Kada ka dandaƙa audugar da ƙarfi a busasshen katako, domin idan ya kumbura zai tsage ko ya tumɓuke ƙusa. Ka ɗaure jarkoki huɗu marasa komai, rufaffu gam, a ƙarƙashin mazauni, su riƙe jirgin a sama idan ya cika da ruwa. Bayan kowace fita a shanya zane ya bushe kafin a naɗe, a ajiye shi da igiyoyi a inuwa, domin rana tana cinye leda da igiyar roba, a kuma ɗaga gorar daga ƙasa saboda gara.

Ranar gwaji, ka fara da neman izinin masu kula da ruwan, ka gaida sarkin ruwa da masunta su nuna maka inda suka kafa raga da inda kututture yake, ka kuma nisanci bakin madatsar inda ruwa ke zuba. Rigar kariya a jikinka take tun kafin ka taka jirgi, ko da ka iya iyo, kuma wani ya biyo ka a kwale-kwale. Ka zauna a gefen da iska ke fitowa, ka fara da ratsa ta a gicciye, wanda shi ne tuƙi mafi sauƙi. Ka sassauta igiyar hannu har gefen gaba na zane ya fara karkarwa, sannan ka jawo ta a hankali har karkarwar ta tsaya. A nan zane yake cin iska daidai. Sandar tuƙi tana aiki a juye, idan ka tura ta dama kan jirgi hagu zai nufa. In za ka juya, ka bari jirgi ya sami gudu tukuna, ka tura sandar tuƙi wajen zane, ka sunkuyar da kai sandar ƙasan zane ta wuce, ka koma ɗaya gefen. Dogon kwale-kwale yakan maƙale a tsakiyar juyi, sai ka taimaka masa da filafili, ba abin kunya ba ne. Juyawa da iska a bayanka kuwa ka bar shi sai ka goge, domin sandar ƙasan zane tana tsallakowa da ƙarfi ba gargaɗi. Kullum ka fara tafiyarka wajen da iska ke fitowa, dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Idan jirgi ya kife, ka riƙe shi, kada ka nufi gaɓa da iyo.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, amma hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, kuma guguwar da ke gabansa takan riga ruwan isowa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, ka sauke zane ka fita, domin dirka a tsakiyar ruwa ita ce abu mafi tsawo da tsawa za ta samu. Ni na fi son ka koya bayan ɗaukewar damina, sa'ad da dam yake cike kuma hadari ya wuce. Ka rage yawan tsayawa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa saboda tsargiya, idan kuma ka ga jini a fitsari ka tafi asibiti.

Ranar Asabar ka auno mini faɗin jirgin a tsakiya da tsawonsa, ka yi wa duk inda sukundireba ta shige alama da alli. Daga nan za mu san inda dirka za ta zauna da yawan katakon da za mu saya.