Daga ina kalmar "génie" ta fito?

Malam, ka tambayi ma'anar "génie" da malamin lakkol a Tawa ya kira ɗanka da ita, da kuma asalinta. Kwantar da hankalinka, yabo ne: haziƙi, wanda basirarsa ta zarce ta tsaransa. Faransanci ya aro ta daga harshen Latin, "genius", wato ruhin da Romawa suka yi imani yana tare da mutum tun ranar haihuwarsa. Tushenta "gignere", haifa.

Abin da ke rikita mutanenmu, da ita ake kiran aljani a Faransanci, har iskokin bori. Ina koyarwa a Yamai, na ga uwar da ta razana da jin ta. In dai kan lissafi ko karatu aka faɗa, ƙwaƙwalwar yaron ake nufi.